Ganyen da Hunturu Ke Karkaɗewa Ba Shara Ba Ne

Duk wanda ya yi sammako a unguwar Hanwa ta Zariya cikin watan Disamba ko Janairu, kafin hayaniyar motocin Kwangila ta kankama, ƙarar tsintsiya ce za ta fara tarbarsa. A ƙofar gidaje yara sun duƙufa, kowa ya rufe kunne da hula saboda sanyi, suna tara ganyen da ya zuba cikin dare. Akwai faffaɗan ganyen bishiyar nan da yara ke kira furut, wanda ya rine ya yi jajir kamar an tsoma shi a manja, akwai na malaina ruwan ɗorawa, ga kuma ƙananan ganyen darbejiya da iska ta kwaso daga makwabta. Da an tara sai a ƙyasta ashana. Kafin hantsi hayaƙi ya haɗu da hazo ya lulluɓe unguwa, abin da bishiya ta yi wata shida tana haɗawa ya zama toka cikin minti goma.

A wasu ƙasashen wannan zubar ganye biki ce. A Kanada da arewa maso gabashin Amurka, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, bishiyar mepul kan juye daga kore zuwa ja da ruwan lemo, mutane su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita don kallo kawai. Ganyen wannan bishiya ne ke tsakiyar tutar Kanada tun 1965. A can gajartar yini da matsowar ƙanƙara ne ke sa bishiya ta tuɓe. A nan Zazzau kuwa ƙishi ne. Ruwan sama kan ɗauke cikin Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu, kuma a tsakani busasshiyar iskar Sahara ce ke kaɗawa.

Ko can ko nan, aikin da ke gudana a cikin ganyen kusan ɗaya ne. Koren da muke gani wani sinadari ne da masana ke kira kulorofil, shi ke kama hasken rana ya haɗa ruwa da iska su zama abincin bishiya. Amma kowane ganye yana da dubban ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu. Da damina wannan ba asara ba ce. Da rani kuwa, riƙe ganye tamkar ajiye ruwa ne a tulu mai yoyo. Saboda haka bishiya kan yanke shawarar rabuwa da shi, sai dai ba ta sakinsa haka nan. Tana fara wargaza koren, ta janye wajen rabin sinadarin naitirojin da fosfaras da ke ciki, ta adana a rassa da saiwa. Da koren ya gushe, ruwan ɗorawar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa tun farko ya bayyana. Jan launi kuwa, irin na mepul da na furut, sabo ne: ganyen ke ƙera shi daga sukarin da ya rage a kwanakinsa na ƙarshe. Daga nan wani siririn layi ya yi rauni a gindin ganyen, bishiya ta toshe wurin don kada ruwa ya tsere, iska ta zo ta ƙarasa aikin.

Bishiyoyinmu kowace da tsarinta. Kuka ba ta jayayya da rani: tana tuɓewa tsaf, ta tsaya da ruwan da ta tara a cikin kututturenta, shi ya sa mata ke rige-rigen tsinkar ganyenta a shanya tun da kaka, don miyar shekara. Rimi, wanda ya bar sunansa a unguwannin Birnin Zariya irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa, sai ya zubar da ganye yake fure, jemagu su zo shan ruwan furen da dare, daga baya 'ya'yansa su fashe da audugar da ake cusa matashi. Mangwaro da doka kuwa nasu jan ganyen a farko yake zuwa: sabon toho ne ke fitowa ja kafin ya yi kore.

Mai ban mamaki a cikinsu shi ne gawo. Shi da damina yake tuɓewa, sa'ad da kowa ke ado, sannan ya yi kore shar da rani, domin saiwarsa na nitsewa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ganyensa na zuba daidai lokacin shuka, ya ruɓe ya zama taki, kuma ba ya tare wa gero rana. Manoman Maraɗi da Damagaram sun daɗe da sanin cewa hatsin gindin gawo ya fi na fili. A yankin Maraɗi ne, tun daga 1983, aka farfaɗo da dabarar barin kututturen itatuwa su sake toho a gona, dabarar da ta mayar da miliyoyin hekta na Jamhuriyar Nijar kore. Waɗannan manoma ba su taɓa kallon ganyen da ya faɗi a matsayin shara ba.

Mu kuwa da ke zaune a hancin Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take har gobe, mu ne ke ƙona shi kowace safiya. Sanannen abu ne a wurin masana ƙasa cewa gonakin yankinmu na fama da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye da ciyawa, waɗanda su ne ke sa ƙasa ta riƙe danshi, ta kuma riƙe takin zamanin da aka zuba mata. Idan an ƙona ganye, naitirojin ɗin da ya rage ya bi hayaƙi, tokar kuma iska ta kwashe. Hayaƙin ya shiga ƙirjin yara da tsofaffi da masu asma a lokacin da ƙura ta riga ta gallabe su, balle idan akwai leda a cikin sharar. Ga haɗarin gobara, wadda kowa ya san hunturu ne kakarta. Bahaushe ya ce wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. To mu ina muka ga kasuwar toka?

Gyaran ba ya bukatar kuɗi. A haƙa rami a bayan gida, nesa da bango saboda gara. A tsince leda da kwalba, a zuba ganye, a bi shi da kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa 'yar toka daga murhu, a yayyafa ruwan wanke-wanken da ba sabulu da yawa. A riƙa juyawa duk bayan mako biyu ko uku. Wanda ya fara a Janairu, kafin ruwan shuka ya sauka zai ɗebi baƙin taki mai ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Wanda ba shi da gona ya tara a buhu ya miƙa wa masu lambun bakin kogin Kubanni, su shimfiɗa a gindin tumatir da barkono don rage yawan ban ruwa.

Na ga wani dattijo a unguwarmu yana hana jikansa kunna wa tarin ganye wuta. Ya ce masa, "Bari, ɗan nan, abincin bishiyar ne, mayar mata da abinta." Yaron ya kwashe ya zuba a gindin mangwaron gidan. Bishiya ta ɗebi abin da take bukata kafin ta saki ganyenta, ragowar kuma ƙasa ta bar wa. Namu kawai shi ne kada mu shiga tsakaninsu da ashana.