Kafin ɗanka ya ɗauki bigila ko gangar badujala

Da zarar watan Mayu ya kama, a unguwanni da yawa za a fara jin dukan ganga da busa daga filin makaranta da yamma. Shirin faretin Ranar Yara ake yi, ta 27 ga wata. Haka ake sake yi gabanin 1 ga Oktoba da lokacin gasar wasannin gidaje, a makarantun Islamiyya masu 'yan agaji kuwa gabanin zagayen Mauludi. A irin wannan lokaci ne yaro ke dawowa gida da murna ya ce an sa shi a badujala. Wani uban ya ce Allah ya taimaka. Wani ya ce ba a gidansa ba, don a wurinsa duk mai riƙe da abin kiɗa maroƙi ne. Maganar dacewa ko rashinta kowane gida da malaman da yake bi, ba ita ce a gabanmu ba. Ga waɗanda suka amince kuwa, akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba: me aka miƙa wa yaron, kuma jikinsa zai iya da shi?

A makarantu da dama rabon kayan ba ya ɗaukar lokaci. Malamin badujala ya jera yara, ƙaton cikinsu ya ɗauki babbar ganga, mai ƙiriniya a ba shi ƙarama, sauran kowa ya kama abin da ya rage a sito. In an bar wa yaro zaɓi kuma, ƙyalli yake bi, ko abin da abokinsa ya ɗauka. Son yaro yana da muhimmanci, don abin da ba ya so ba zai jure koyonsa ba. Amma so kaɗai bai isa ba.

A fara da haƙora. Bigila da turamfet da turombon duk da leɓe ake busa su: ana haɗa leɓɓa a cikin ɗan kofin ƙarfe, iska ta sa su karkarwa, karkarwar nan ce ke zama sauti. Abin da ke tokare leɓɓan daga ciki haƙoran gaba ne. Yaro yakan yi famfarar haƙoran gaba tsakanin shekara 6 zuwa 8, saboda haka ɗan aji biyu mai giɓi ba shi da abin da zai jingina ƙarfen a kai. Zai danna da ƙarfi don sauti ya fito, leɓe ya kumbura, sabon haƙori ya sha matsi. Gara a jira sababbin su fito su zauna, kafin nan ya riƙe ƙaramar ganga ko sarewar roba. Wanda ya saba ganin mai algaitar sarki da kumatu cike zai zaci haka ake busa komai. Mai algaita yana tara iska a kumatu ne don ya shaƙi wata ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. Mai koyon turamfet hana shi kumbura kumatu ake yi. In ka ga ɗanka yana busa jijiyoyin wuya a miƙe, idanu sun yi ja, ba ƙwazo ba ne, ba a koya masa daidai ba.

Sai tsawon hannu. Bigila ba ta da maɓalli ko ɗaya, sautuka kamar biyar take bayarwa, ga ta ba nauyi, shi ya sa ta dace da mai farawa. Turamfet maɓallanta uku. Turombon, wadda ake ja ana turawa, matsaya bakwai gare ta, kuma yaro mai gajeren hannu ba zai kai biyun ƙarshe ba sai ya karkace kafaɗa. Kilarinet tana da ramukan da sai yatsa ya rufe su ruf, siririn yatsa kuwa iska zai bari tana tsiyaya, abin ya riƙa ƙara, a yi ta yi wa yaro dariya a kan laifin da ba nasa ba. Babbar ganga ma, da ake ɗauka ta wanda bai iya komai ba ce, ita ke riƙe da ƙafar kowa a fareti. Mai dukanta ya kuskure, sahu duka ya watse. Girman jiki bai isa ba, sai an gwada yaron da tafi an ga ko yana riƙe lokaci.

Inda ya fi kamata iyaye su buɗe ido shi ne ɗan kofin nan da ake sawa a baki. Makaranta mai bigila huɗu da yara goma sha biyu, karɓa-karɓa za a yi. Wannan ya busa, ya goge da gefen riga, ya miƙa wa na kusa. Yawu yana taruwa a cikin bututun, har ma turamfet tana da ɗan maɓallin zubar da ruwan da ya taru. Mura da hangum da ƙurajen da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi duk ta yawu suke bi. Mashaƙo, wadda ta yi ɓarna a 2023 kuma Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, ta numfashi da yawu take yaɗuwa, kuma yara ta fi kamawa. Sanƙarau ma haka, ga shi muna zaune a tsakiyar yankin da cutar ke tashi duk rani, daga Senegal har Habasha. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, akasari a Arewa. Lokacin da take tashi, daga hunturu zuwa bazara, shi ne lokacin da makarantu da yawa ke atisayen wasannin gidaje.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kofin cirewa ake yi, kuma ana sayar da shi shi kaɗai. Uban da ba zai iya sayen turamfet ba zai iya saya wa ɗansa kofinta, ya riƙa zuwa da shi a aljihu, ya dawo da shi a wanke da sabulu da ruwan ɗumi a shanya. Kilarinet da saksofon kuma suna da ɗan siririn kara da ake ɗaurawa a bakinsu, wanda ke shan yawu, shi kam ba a aronsa ko kaɗan. Yaron da ke tari ko ciwon maƙogwaro ya huta da busa har ya warke, ko da gobe ne fareti. A kuma duba katin rigakafinsa.

Sai kunne, wanda ɓarnarsa ba ta nuna kanta da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa babba zai iya jure ƙarar da ta kai desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa desibel 75. In ƙara ta kai desibel 100, abin da kunne zai ɗauka lafiya bai wuce minti 20 a mako ba. Ƙaramar ganga da faya-fayan tagullar da ake gwarawa, da bakin turamfet in yana daf da kunne, suna iya kai wannan. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Mafi muni shi ne atisaye a cikin aji mai rufin kwano da bangon siminti, inda ƙara ke dukan bango ta dawo. Wanda ya fi shan wahala sau da yawa ba mai busar ba ne, yaron da aka tsayar a gabansa ne. In ɗanka ya dawo yana cewa kunnensa na ƙugi, ko sai an maimaita masa magana a daren, kunnen ya sha fiye da ƙarfinsa. A nemi makaranta ta fitar da atisaye fili, a bar tazara tsakanin sahu, a riƙa hutawa. Auduga ba ta tare ƙara yadda ake zato. Abin toshe kunne na soso, irin na ma'aikatan masana'anta, ya fi ta nesa ba kusa ba.

Yaro mai sikila a gaya wa malami tun ranar farko. Tsayuwar awanni a rana ana jiran babban baƙo, ga ganga rataye a ƙirji, ga ƙishirwa, abu ne da ke iya tayar masa da ciwo. Ba sai an cire shi ba, a ba shi abu mara nauyi, da ruwa da inuwa. Mai asma ko mai gwaiwa ya ga likita kafin ya fara busa.

A kuma tambayi inda badujalar ke zuwa. Wasu ana ɗaukar hayarsu zuwa biki ko taron siyasa. Iyaye su san wane malami ne ke tafiya da yaran, da motar da za su shiga, da lokacin dawowa, musamman in akwai 'yan mata a ciki.

Game da saye, kada a yi gaggawa. Yaro ya yi zango ɗaya ko biyu da na makaranta, don wanda ya rantse da turombon a Janairu yana iya komawa ganga kafin hutu. In lokacin saye ya yi, a tafi da wanda ya iya busa ya gwada a gabanka, sabo ne ko na hannu. A danna maɓallan a ga suna dawowa da kansu, a ja bututun a ji ba ya cijewa, a duba ko an yi masa walda. Maɓallan suna da nasu mai na musamman, mai ruwa-ruwa, a saye shi tare da kayan. Man gyaɗa ko man keke daskarewa suke yi su kama ƙurar hunturu, maɓalli ya cije, kuma masu gyaran irin waɗannan kaya ba a kowane gari ake samun su ba.