Bayani A Kan Sauya Batirin Mota, Da Garanti, Da Alfarmar Mai Shago

 

Ku sani abin da ya sa muka ɗauko maganar batir a wannan fitowa shi ne, da zarar hunturu ya kama, rigimarsa takan yawaita a tasha da bakin shaguna. Direba ya yi lodin tumatir daga fadamun Dam ɗin Challawa tun dare, ko rake daga ƙasar Rogo, da nufin ya yi sammakon Kano. Asuba ta yi, ya murɗa makulli, mota ta ce ƙas-ƙas ta yi shiru. Kafin a samu masu turi ko a aro batirin wani, rana ta take, an ci rabin kasuwar 'Yankaba, kayan gwari kuwa ba su jiran kowa. Daga nan sai a kwance batir a nufi wurin wanda ya sayar. Direba yana cewa "ai akwai garanti," mai shago yana cewa "ai kai ka kashe shi." Sau da yawa duk su biyun ba su san inda haƙƙin kowa ya tsaya ba. To shi ne za mu warware daki-daki.

Fasali na farko: abin da ke kashe batir

Batirin mota akwati ne mai ɗaki shida, kowane ɗaki da faifan dalma a jiƙe cikin asid da ruwa. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago irinsa a 1859, kuma har yau asalin aikin bai sake ba. Abin da za ku riƙe shi ne, batir ba ya haifar da wuta, ajiya kawai yake yi. Shi randa ne, altaneta kuwa ita ce ɗan garuwan da ke cika shi in mota tana tafiya. In ɗan garuwa ya daina zuwa, ko sabuwar randa ka sayo, kwana kaɗan za ta ƙafe. Wannan shi ne tushen rabin rigimar da ake yi.

A ƙasarmu babban abokin gaban batir zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura awo 40, ruwansa yana ƙonewa, faifan ciki suna cinyewa, alhali mota tana tashi lafiya, mai ita bai san komai ba. Sai sanyin Disamba da Janairu ya zo, baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa, sai batir ya gaza. Watau zafin bazara ne ya ci shi, sanyi tona asiri kawai ya yi. Na biyu girgiza: motar da ke shiga ƙauyuka cin kasuwa a kan hanyar burji, in ba a ɗaure batir da ƙarfensa tam ba, faifan sukan zube. Na uku, barin batir ya sauka ƙasa ƙwarai, kamar a kwana da fitila a kunne, ko a ajiye mota wata da watanni ba a tayar ba.

Saboda haka kada ka sayi sabo sai mai gyaran waya ya sa mita a gabanka. Ga lambobin, ka haddace su:

Inji a kashe, bayan mota ta huta: 12.6 batir cike yake, 12.2 wajen rabi. Ƙasa da 12 ya kusa ƙafewa.
Lokacin murɗa makulli: in ya faɗi ƙasa da 9.6, bayan kuwa an yi masa caji ya cika, to ya gaji.
Inji yana aiki: daga 13.8 zuwa 14.5 altaneta lafiya. Ƙasa da 13 ba ta caji. Sama da 15 dafa batir take yi.

In laifin altaneta ne, ko fanbel ya saki, ko kan batir ya yi farin gari bai kama ba, gyara wannan tukuna. Mutum nawa suka zubar da kuɗin sabon batir alhali ruwan zafi da ɗan ruwan kanwa a wanke kan sun isa!

Fasali na biyu: saye da ɗaurawa

In ta tabbata sai an sauya, duba abu huɗu. Na ɗaya girma: lambar amfiya da ke jikinsa, 45 ko 62 ko 75 ko 100, ta dace da motarka. Kada araha ta sa ka ɗora ƙarami a motar da ke son babba, domin zai mutu da wuri, garanti kuma ba zai karɓe shi ba. Na biyu kai: wani batir kan jan waya yana dama, wani hagu, wani siriri ne, wani mai kauri, ka tafi da tsohon a gwada. Na uku ranar ƙira: akwai lamba da ake bugawa a jikinsa, ka ce a karanta maka, domin batir yana tsufa ko a kan kanta yake, wanda ya daɗe a ajiye ba caji ya riga ya rage kwana. Na huɗu, a sa masa mita kafin ka biya.

Wurin ɗaurawa, a kashe inji, a fara cire baƙar waya, watau ta bodi, kana ja. Wurin mayarwa a fara da ja, baƙa ta zo ƙarshe. Ba a shan taba ko ƙyasta ashana kusa da batir, musamman wanda aka sauke daga caji, don iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. Masu manyan motoci masu batir biyu a haɗe, ku sauya su tare. In kun haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Batir mai murafu kuma, tataccen ruwan da ake sayarwa don batir shi ake ƙara masa, ba ruwan rijiya ba, ba kuma asid ba.

Sa'an nan takarda. Zamanin Fijo 504, wadda ake haɗawa a Kaduna a masana'antar da ta fara aiki a 1975, ana ƙera batirin Exide a Ibadan, daga baya kuma aka samu na Ibeto a Nnewi. Yanzu akasarin abin da ke kasuwa daga waje yake zuwa, Koriya da Sin da Indiya da sauransu. Ma'anar wannan a wurinka ita ce igiyar ta yi tsawo: mai shagon garinku ya saro wurin dila a Kano, Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, dila kuma ya karɓo wurin mai shigo da kaya, galibi a Legas. In batir ya dawo, kowa yana duban wanda ke samansa, kuma babu mai karɓa sai da shaida. Don haka rasit ya ƙunshi kwanan wata, da sunan batir, da amfiyarsa, da lambar jikinsa, da lambar motar, da watannin garanti a rubuce, da sa hannun mai shago. "Haba Alhaji, ai mun saba" ba takarda ba ce. Sabo yana nan, a rubuta kuma.

Fasali na uku: ƙofofi uku

Wanda batirinsa ya mutu yana da ƙofa uku, kuma kuskure ne a haɗa su.

Ƙofa ta farko garanti. Alkawari ne mai wa'adi, wasu wata 6, wasu shekara, kuma a kan laifin ƙira kaɗai yake, kamar ɗaki ɗaya ya mutu ba dalili. Ba ya ɗaukar batirin da ya fashe, ko ya kumbura don yawan caji, ko kansa ya narke, ko aka bar shi ya bushe, ko aka kankare lambarsa. Haka wanda aka cire daga mota aka kai shagon cajin waya ko aka haɗa da sola. Batirin mota an yi shi ne ya ba da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci a mayar masa nan take; in ana tatse shi kowane dare, ba zai daɗe ba, na sola dabam yake. Na hannu kuwa, wanda ake ce wa Beljiyam, yawanci gwaji kawai ake ba ka na 'yan kwanaki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ƙofa ta biyu aibi. Ko ba a ambaci garanti ba, malamanmu na fiƙihu sun bayyana a babin ciniki cewa wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi, wanda yake tun kafin ciniki kuma ba a nuna masa ba, yana da zaɓin mayarwa. Amma fa da sharaɗi: in ya ga aibin ya ci gaba da mora, an ɗauka ya yarda. Don haka ranar da ka gane, ranar za ka kai, ko ka aika a shaida wa mai shago. Wanda kuma ya wanke tsohon batir ya manna masa sabuwar takarda, wannan algus ne, rubutun "kaya in sun fita ba su dawowa" ba ya wanke shi. Dokar ƙasa ma tana nan: dokar tarayya ta kare mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata 3 ya mayar da kayan da ba su da ingancin da ya kamata, a gyara, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗi. Jihar Kano ita ma tana da hukumarta ta kare haƙƙin masu saye.

Ƙofa ta uku alfarma. Wa'adi ya wuce da mako biyu, ko rasit ya ɓata, ko ba a iya tantance mai laifi ba, mai shago ya dubi mutunci ya yi rangwame, ko ya karɓi kayansa ya warware ciniki. Malamai suna kiran warwarewar nan iƙala, kuma sun ce akwai lada babba ga mai yin ta. Amma ba tilas ba ce. Wannan ita ce ƙofar da aka fi ɓatawa, domin mutum yakan zo neman alfarma da muryar mai bin bashi, sai mai shago ya ƙeƙashe. Haƙƙi ana tsayawa a kansa, alfarma kuwa roƙonta ake yi.

Fasali na huɗu: yadda ake daidaitawa

Ga misali, kuɗin don sauƙin lissafi ne kawai, ba farashin yau ba. Direba ya sayi batir naira 60,000, garanti wata 6, ya mutu a wata na 8. Ta fuskar garanti ba shi da komai. Ya zo ya ce: "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Na san wa'adi ya wuce, ba rigima na zo yi ba. Ga mota a waje, a auna altaneta. In laifina ne na haƙura, in ba nawa ba ne a duba mini." Aka auna, mita ta nuna 14.1, aka tarar ɗaki ɗaya ne ya mutu. Alhaji ya ce: "To malam direba, batir irin wannan ko ba komai ya kamata ya yi maka shekara biyu. Ka ci wata 8, kashi ɗaya cikin uku ke nan, kuɗinsa 20,000. Saura 40,000, mu raba asarar biyu. Na sauke maka 20,000 a kan sabo, tsohon kuma ka bar mini in gwada sa'a wurin dila."

Ka ga a nan babu wanda ya ci wani. Mai shago ya rasa ribar batir ɗaya ko fiye, amma ya sayi bakin direba, bakin direba kuwa tasha guda ne. A gari kamar Karaye ko Rogo, inda direbobin layi suka san juna kaf, labarin wanda ya yi kara da na wanda ya yi ƙememe duk suna isa tasha kafin la'asar. Alheri danƙo ne. Sai dai mai shago ya yi alfarma da ido buɗe: ya auna mota ranar sayarwa, ya rubuta a littafi, ya kuma san sharaɗin dilansa tun kafin ya yi wa wani alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Ku kuma dillalai, wanda ya ci la'ada a kan ciniki shi ne shaidarsa. In ka kai mutum shago, ka tsaya a faɗi watannin garanti a kunnenka, a rubuta a idonka. Dillalin mota kuma ya faɗa wa mai saye shekarun batirin da ke ciki, kada a aro mai kyau ranar gwaji a mayar da matacce ranar ɗauka. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Fasali na ƙarshe: tsohon batir

Mataccen batir kuɗi ne, saboda dalmar da ke ciki. Ko ka bayar a rage maka a kan sabo, ko ka sayar wa 'yan gwangwan, amma ka tambayi farashi wuri biyu, kuma in kana neman garanti kada ka sayar, don shi ne shaidarka. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne fasa shi a gida, ko zubar da ruwansa kusa da rijiya, ko barin yara su yi wasa da faifansa. Dalma guba ce. Ba mu manta abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Dalmar batir ita ce dai wannan dalmar.

To jama'a, kafin sanyi ya tsananta, kowa ya kai motarsa a sa mata mita, ya kuma nemo rasit ɗinsa ya adana. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kiyaye hanya. Haza wassalam.