Ƙwarin kaji a bangon akurki suke wuni

Uwargida, in kazarki mai kwanci ta gudu ta bar ƙwai, ko kaji suka ƙi shiga akurki da magariba, akurkin za ki fara dubawa. Ƙananan ƙwarin nan masu shan jini ɓuya suke a tsagar bango da katako, sai dare su fito. Haska tocila bayan isha'i, za ki gan su jajaye.

To, kwashe shimfiɗar ki ƙone, ki liƙe tsagogin da laka, ki barbaɗa toka mai sanyi da busasshen ganyen darbejiya, wato bedi. Bayan mako ki maimaita, don ƙwansu ya ƙyanƙyashe. Fiya-fiya kuwa, don Allah kar ta taɓa jikin kaza, ƙwan nan yaranki ne za su ci. In abin ya ƙi, nemi malamin dabbobi.