Ɗan Akwatin Bayan Talabijin Da Kuɗin Da Yake Ci

A shagunan kayan lantarki, daga Sabon Gari a Kano har Alaba a Legas, akwai maganar da masu sayar da akwatin kallo ta intanet suke yawan yi wa mai saye: sau ɗaya za ka biya, ba ruwanka da sabunta kati duk ƙarshen wata. Ga magidancin da kuɗin dikoda ya isa, maganar tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ne. Akwatin ba ya neman kwando a saman kwano, ba ya neman mai saiti ya hau tsani yana juyawa ana ƙwala masa "ya kawo, ya ɗauke" daga cikin falo. Amma babu tasha ko ɗaya a cikinsa. Kan famfo ne kawai, ruwan daga wani wuri yake zuwa, kuma da data ake biyan kuɗinsa. Wanda bai san haka ba kafin ya saya, zai sani a makon farko.

Abin da ke cikin akwatin ƙaramar kwamfuta ce, 'yar uwar wayar da ke aljihunka, sai dai ba ta da fuskarta, ta talabijin take ara. Tana jawo bidiyo daga intanet kaɗan-kaɗan, tana nunawa a daidai lokacin da yake isowa, ba ta jira ya sauka gaba ɗaya kamar yadda ake yi a wurin masu tura fina-finai. Apple ya fitar da nasa a 2007, Roku ya biyo baya a 2008, amma abin bai zama na kowa ba sai a 2013 da Google ya kawo Chromecast a kan dala 35. Amazon ya shigo da Fire TV a 2014. Google ya daina ƙera Chromecast a 2024, ya maye gurbinsa da Google TV Streamer, ko da yake har yanzu ana samun tsoffin a kasuwa. Wasu akwatunan faifai ne kamar tafin hannu, wasu kuma 'yar sanda ce da ake sokawa a bayan talabijin ba a ma ganinta.

Mai talabijin irin ta zamani zai ce ai tasa tana da YouTube. Haka ne. Sai dai Samsung da LG da yawancin Hisense kowanne da tsarinsa, ba Android ba ne, don haka ba kowace manhaja ake samu a kansu ba, kuma bayan wasu shekaru kamfanin yakan daina sabunta su. Gilashin yana nan garau, ƙwaƙwalwar ce ta tsufa. Sauya ɗan akwati ya fi sauya talabijin sauƙi.

Wurin saye ne aka fi cutuwa. A teburin mai shago za ka ga na kamfanonin da aka sani, irin su Xiaomi da Amazon da Google, a gefe kuma ga wasu baƙaƙe marasa sunan kamfani, an cika kwalinsu da manyan lambobi: 8K, ma'adana mai ɗaruruwan giga, duk a kan kuɗin da bai kai rabin na farkon ba. Yawancin lambobin nan a kwali suka tsaya. Akwai ma waɗanda aka gyara musu manhaja ta yadda ko ka shiga saiti ka duba, ƙaryar za ta nuna maka. Kuma ba Android TV ne a kansu ba, Android ne na waya aka ɗora, shi ya sa za ka ga kana kokawa da wata 'yar kibiya a fuskar talabijin kafin ka danna abu ɗaya. Netflix kuwa ba ya sakin hoto mai kyau sai ga akwatin da yake da shaidar da kamfanin ya amince da ita. A kan waɗannan, ko ka biya kuɗin tsari mafi tsada, hoto mai dishi-dishi za ka gani.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce araha ba ta ado, a wuce. A 2023 masu binciken tsaro suka gano cewa wasu daga cikin akwatunan nan masu araha, irin samfurin T95, da muguwar manhaja suke zuwa tun daga cikin kwali. Aka sa wa abin suna BadBox. Da zarar an haɗa akwatin da intanet sai ya nemi iyayen gidansa, ya shiga danna tallace-tallace a ɓoye, ya kuma mayar da layin gidanka hanyar da wasu za su bi su yi ta'asa da adireshinka. A Disamban 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta katse hanyar na'urori wajen 30,000 da suka kamu. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kai, wata guda bayan haka Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urorin sun haura miliyan 10. Mai akwatin ba zai ga komai ba, sai dai ya ji datarsa tana zurarewa ko da dare ana barci. A ganina bai kamata mutum ya sa adireshin Gmail ɗinsa, wanda lambobin wayarsa da saƙonnin bankinsa suke ciki, a kan na'urar da ba wanda ya san wa ya ƙera ta ba. Kafin ka biya, ka sa a kunna maka, ka shiga Play Store ka duba ko an rubuta cewa Play Protect ya tantance na'urar. In mai shago ya fara hanya-hanya, ka san amsar.

Sai batun "duk tashoshin duniya kyauta, har da ƙwallon Ingila". Tashoshin sata ne ake watsowa, abin da dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana. Ko an ajiye doka a gefe, sukan yi aiki wata biyu su ɗauke, ko su tsaya cak a daidai lokacin bugun fenareti, kuma ba ka da ofishin da za ka kai kuka.

Haɗawar ba ta kai a kira mai gyara ba. A soka akwatin a ramin HDMI na bayan talabijin, a lura da lambar ramin, a ɗauki rimot ɗin talabijin a danna Source ko Input a zaɓi wannan lambar. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa, su ce akwatin bai kawo ba, alhali talabijin ɗin tana kan AV. In tsohuwar talabijin ce mai ramuka uku, rawaya da fari da ja, akwai ɗan abin da ke juya HDMI zuwa AV. A karanta jikinsa da kyau, domin akwai mai yin akasin haka kuma kamarsu ɗaya.

Wuta kuma a ba shi daga soket da kan cajin da ya zo da shi. Ramin USB na talabijin yana da jan hankali saboda ya rage tarin wayoyi, amma da yawansu rabin amfiya kawai suke bayarwa, abin da bai ishi sandar ba, sai ka ga tana mutuwa tana tashi a tsakiyar fim. Wutar da akwatin yake sha ba ta taka kara ta karya ba, ba ta kai ta ƙwan fitila ɗaya na da ba, don haka mai sola ko inbata ba shi da damuwa. Abin lura shi ne dawowar NEPA da ƙarfi da kuma tsawa da damina: a sa masa abin kare wuta, hadari in ya haɗu a zare. Da bazara kuma, sandar da aka matse tsakanin bango da bayan talabijin tana ɗaukar zafi har ta riƙa sanɗa. 'Yar gajeriyar wayar HDMI da ke zuwa cikin kwalin Fire TV, wadda ake jefarwa cikin durowa, ita ce maganin. Tana nesanta sandar ta sha iska, ta kuma fi kama sabis.

Daga nan akwatin zai nemi WiFi da kalmar sirri, sannan asusun Google ko na Amazon. Ranar farko zai sabunta kansa, zai ci data, kuma kada a kashe shi yana tsaka da hakan. Hotspot na waya yana aiki, amma gidan da ya dogara da wayar maigida ya san yadda abin yake: ya fita masallaci, kallo ya tsaya, ya tafi Kaduna kwana biyu, talabijin ta zama madubi. Rauta ko MiFi da ke zaune a gida ya fi. Idan rautar tana da layi biyu, 2.4 da 5 GHz, na biyun ya fi gudu amma ba ya son bango, na farkon ya fi ratsa ɗakuna. A gini mai kaurin bango, matso da rautar kusa da taga kuma kusa da talabijin ya fi duk wani saiti amfani. Wani ƙaramin abu da ke ruɗa mutane: bayan an daɗe ba wuta, wasu akwatunan agogonsu yakan koma baya, sai WiFi ya nuna ya haɗu amma YouTube ya ƙi buɗewa. A gyara kwanan wata da lokaci, shi ke nan.

Yanzu ga lissafin da ya kamata a yi tun kafin a je kasuwa. Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya yana cin kusan 0.3GB a hoto mafi ƙasa, har 0.7GB a matsakaici, har 3GB a HD, har 7GB a 4K. Ɗauki gidan da ake kallo awa 3 kowane dare, wanda kowa ya san an rage, domin ba a sa yara da hutun makaranta ba. A HD, 9GB ke nan a dare, 270GB a wata. A matsakaici 63GB. Fim ɗin dai ɗaya ne, kujerar ɗaya ce. Akwatin kuwa, in ba a hana shi ba, kullum hoto mafi girma da sabis zai iya ɗauka yake zaɓa, domin an ƙera shi ne don ƙasashen da ake biyan intanet na gida ba tare da awo ba. Wanda ya sa rautar 5G yana murnar gudu, shi ya fi saurin ganin saƙon cewa datarsa ta ƙare. Tun kuma da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kuskuren ya ƙara tsada.

Gyaran a hannunka yake. A YouTube, ana cikin kallo a shiga saiti a zaɓi 480p ko 720p. A talabijin mai inci 32 da ake kallo daga ƙarshen falo, ido ba ya raba 720p da abin da ya fi shi sai an ƙura. A Netflix ba a kan talabijin ake rage cin datar ba, sai an shiga asusun ta burauza, kuma kowane mai suna a asusun da nasa saitin. A kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa bayan na farko ya ƙare, domin shi ke kwana yana nuna wa kujeru fim bayan barci ya kwashe kowa. Kashe talabijin ma ba lallai ne ya tsayar da akwatin ba, a fita daga bidiyon tukuna. Game da gudu, megabit 5 a daƙiƙa ya isa hoton 1080p, 4K yana son 15. In hoto yana tsayawa da ɗan zoben nan mai juyawa tsakanin magariba da ƙarfe goma, ba akwatin ba ne, unguwar ce duka ta hau sabis ɗaya.

To me za a kalla da ya cancanci wannan ɗawainiya? A nan mai jin Hausa ya yi sa'a, domin yawancin abin da yake so ba ya bayan wata katangar biyan kuɗi. Kannywood ta koma YouTube da fina-finai masu dogon zango, irin su Izzar So da Labarina, ga shirye-shiryen Arewa24, ga labaran BBC Hausa da DW da RFI da Aminiya, ga tafsirin azumi na malamai daban-daban, ga Harami kai tsaye dare da rana. Abin da mutum biyar suke leƙe a fuskar waya ɗaya, yanzu ya hau bango. Ana ma iya nemo bidiyon a waya a tura shi talabijin, muddin su biyun suna kan WiFi ɗaya, wanda ya fi wahalar rubuta suna harafi-harafi da rimot. Netflix ya shigo Najeriya tun Janairun 2016, shi sai an biya duk wata bayan kuɗin data. Wasu manhajojin kuma, irin Hulu na Amurka da BBC iPlayer na Birtaniya, ba sa buɗewa a nan ko da akwatin daga can ɗan'uwa ya aiko da shi.

Mai son ƙwallo ya riƙe dikodarsa. Kallon kai tsaye ta intanet yakan yi jinkirin daƙiƙa talatin ko fiye a bayan na tauraron ɗan'adam, don haka za ka ji gidan kallo na bakin layi ya ɗauki ihu alhali a falonka ana shirin bugun kwana.

Dikoda tana da iyaka, tashoshin da ka biya su ne ke nan. Akwatin ba shi da ita, kuma a tsakiyar gida yake, rimot ɗinsa yana da maɓallin da yaro ɗan shekara biyar zai danna ya yi magana a nemo masa. Google TV yana ba da damar buɗe wa yara sashensu daban, a zaɓa musu manhajoji, a sa lokacin da zai rufe da kansa. YouTube yana da yanayin taƙaitawa a cikin saiti, akwai kuma YouTube Kids, Netflix yana karɓar lambar sirri a kan kowane suna. Babu ɗayansu da ke tace komai da komai, musamman bidiyon Hausa da na'urar ba ta gama gane abin da ake faɗa a ciki ba, shi ya sa falo ya fi ɗakin yara dacewa da shi. A kuma sa lambar sirri a kan sayayya idan an taɓa haɗa katin banki da asusun. Ranar da za a sayar da akwatin ko a ba wa ƙani, a shiga saiti a mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, domin cire shi daga soket ba ya fitar da asusunka daga ciki.