Ko Littafin Koyon Ɗaukar Hoto Yana Mayar da Kuɗinsa?

JALINGO — Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a shekarar 1991, da fim masu hoto suke aiki a Jalingo, kuma a hannun maigida ake koyon sana'ar. Kyamarar dijital ta kawar da fim, har kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012.

Yanzu da kusan kowace waya take ɗauke da kyamara, gwaninta ce kaɗai take kawo wa mai hoto aikin biki, ko suna, ko yaye ɗalibai a Jami'ar Jihar Taraba. Sabili da haka kuɗin koyo jari ne.

Littattafan iri biyu ne. Akwai masu bayanin wata kyamara ko manhaja, waɗanda suke tsufa da zarar sabuwa ta fito. Kamfanoni irin su Canon da Nikon ma kyauta suke ba da wannan bayani a intanet. Akwai kuma masu koyar da sarrafa haske da tsara hoto. Iliminsu ba ya tsufa.

Akasarin littattafan daga ƙetare ake shigo da su, kuma sun ƙara tsada tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a Yunin 2023. Ma'aunin shi ne a kwatanta farashin littafi da asarar aiki guda. Biki ba ya maimaituwa. Littafin da ya hana hotunan amarya lalacewa sau ɗaya ya biya kansa, musamman idan na hannu ne, ko abokan sana'a suka yi karo-karo suka saya.