Madugun Samari: Amanar Mai Kai 'Ya'yan Jama'a Daji Da Duwatsu

  

A 'yan kwanakin nan mutum biyu sun zo mana da tambaya, da muka duba kuwa sai muka ga ashe tambaya ɗaya ce ta zo da fuska biyu. Na farko wani attajiri ne mai sayar da yadi. Makarantar su ɗansa ta aiko da takarda ya sa hannu, wai za a kwashi yara lokacin hutu a kai su hawan dutse da kwanan daji har mako guda, shi kuwa ya rasa ko ya yarda ko ya hana. Na biyu ma'aikacin gwamnati ne. Ɗansa ya gama karatu, ya ƙi aikin ofis, ya ce shi aikin jagorantar samari a irin wannan fita yake so, uban kuwa yana ganin abin yawon banza ne wanda bai kamaci ɗan mutunci ba. Saboda haka muka ga ya kyautu mu yi bayanin wannan aiki a fili, domin mai bayar da ɗa ya san wanda zai damƙa wa, mai son aikin kuma ya san nauyin da zai ɗauka.

Da farko dai, jagorancin tafiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakannin 'yan kasuwarmu da suke fatauci daga Kano zuwa Gwanja neman goro ba su tashi kara zube. Kowane ayari yana da madugu, wanda ake yi wa kirari da uban tafiya, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango, da uban dawaki, da malamin ayari. Madugu shi ke faɗin ranar tashi, shi ya san rafin da ke ƙetaruwa da wanda ba ya ƙetaruwa, shi ne kuma ake tuhuma in wani ya salwanta. Shari'a ma ta yi umurni cewa idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Abin da ya zo sabo shi ne a mai da tafiyar kanta makaranta, watau a fita da samari ba domin ciniki ko ziyara ba, sai domin wahalar hanya ta koya musu haƙuri da taimakon juna.

Wannan tsari a Birtaniya ya kafu. A shekarar 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani malami mai suna Kurt Hahn, wanda ya baro Jamus saboda zaluncin Hitila, ya haɗa kai da wani mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka buɗe makarantar da ake kira Outward Bound a garin Aberdovey na yankin Wales. Abin da ya dami Holt shi ne, idan aka nutsar da jirgi a teku, sau da yawa samarin matuƙa masu jini a jika su ke fara karaya, dattawan da suka saba da wuya kuwa su jure. Sai suka shirya horo na kimanin wata guda, na tuƙin kwalekwale da hawan dutse da aikin ceto. Shekara goma bayan haka, a 1951, wani Bature mai suna Alec Dickson ya kafa irin wannan makaranta a bakin teku kusa da Biktoriya, garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru, a wani wuri mai suna Man O' War Bay. Daga nan ne sunan 'yan Man O' War ya samo asali. Da yankin Kudancin Kamaru ya rabu da Nijeriya, makarantar ta dawo ƙasar Filato, ta zauna a Kurra, daga bisani ta koma duwatsun Shere da ke gabas da Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. An kuma buɗe reshen ruwa a Apapa ta Ikko. Bayan an kafa hidimar bautar ƙasa a 1973, dubban ma'aikatanmu sun ɗanɗani horon 'yan Man O' War a sansani, saboda haka da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun san abin da muke faɗi, jiki magayi.

To, mene ne aikin jagoran? Wanda ya hango shi daga nesa, da usur a wuya da igiya a kafaɗa, sai ya zaci aikin ƙarfi ne da tsawa. Alhali kuwa mafi yawan aikin yana ƙarewa tun kafin yaro ɗaya ya ɗaga ƙafa. Wajibi ne jagora ya riga ya taka hanyar da kansa, ya san inda ruwan sha yake, da inda za a kwana, da hanya mafi kusa ta fita zuwa titi idan wani ya ji ciwo. Wajibi ne ya nemi izinin mai gari ko mai unguwar da dajin yake ƙasarsa, ya tambayi mafarauta da makiyaya halin wurin, musamman a wannan zamani da wasu dazuzzuka ba su shiguwa saboda ɓarayin mutane. Ya karɓi sunan kowane yaro da bayanin lafiyarsa, domin mai ciwon asma ko farfaɗiya ko sikila ba a gane shi da ido. Ya bi igiyoyi da hannunsa taƙi bayan taƙi yana neman inda suka ci. Sa'an nan ya bar takarda a hannun wani a gari, mai nuna hanyar da za su bi da lokacin da ya kamata a gan su, domin in lokacin ya wuce a tashi nemansu.

Akwai kuma lissafi. Masu hawan dutse suna da wata ƙa'ida tun ta 1892, wadda wani mutumin Sikotilan mai suna Naismith ya fitar: a ba kowace kilomita 5 sa'a guda, a ƙara sa'a guda a kan kowace mita 600 ta hawa. Wannan kuwa lissafin babban mutum ne lafiyayye. Mai tafiya da yara dole ya ƙara a kai, gama ayari da tafiyar mafi rauninsa yake tafiya. Haka nan sanyi yana ƙaruwa da hawa, kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, don haka yaron da ya baro Kano ko Sakkwato da 'yar shara zai kwana yana makyarkyata a Shere lokacin hunturu. Idan aka ga walƙiya sai a ƙirga: kowace daƙiƙa 3 tsakaninta da ƙarar tsawa kimanin kilomita guda ce. Muddin ana jin tsawar, a sauko daga kan dutse, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai, kada a koma sai an yi minti 30 ba a ji ta ba.

Jagora kuma ɗan agaji ne. Ya san cewa yaron da ya fara jiri da ciwon kai a cikin rana, ƙishirwa ce ta ci shi, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya fara sambatu ko ya suma, wannan kuma sai asibiti ba da jinkiri ba. Ya san cewa idan kububuwa ta sari yaro ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar tam da tsumma. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar dafin maciji, irin asibitin Kaltungo da ya shahara da wannan aiki. Kuma a kullum bakinsa yana ƙirga kawuna: da tashi, da hutawa, da ƙetare rafi, da shiga barci.

Amma fa duk wannan ana koyonsa cikin 'yan watanni. Abin da ya fi wuya, wanda shi ne ke raba jagoran kirki da mai kasada da rayukan mutane, shi ne ya iya cewa a juya. Ga ƙololuwar dutse ana hange, ga yara suna ɗoki, iyaye sun biya kuɗi, mai makaranta yana jiran hoto, sai ga hadari ya haɗo daga gabas. A nan ne ake sanin namiji, domin juyawa tana da kunya, ci gaba kuwa yana da yabo in an tsira. Masu hikima sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tarihin wannan sana'a ya nuna abin da rashin juyawa ke jawowa. A watan Nuwamba na 1971, ɗalibai 6 'yan kimanin shekara 15 daga wata makaranta ta birnin Edinbara suka hau tsaunukan Cairngorm na Sikotilan, tare da jagora matashiya da mataimakiyarta 'yar shekara 18. Guguwar ƙanƙara ta taso, suka nufi wata bukka da ke kan tsaunin, suka kasa gano ta, suka kwana biyu a fili. Ɗalibai 5 da mataimakiyar suka rasu. A watan Maris na 1993 kuma, a gaɓar tekun Lyme da ke kudancin Ingila, aka fita da ɗalibai 8 cikin ƙananan kwalekwale, iska ta kore su cikin teku, 4 suka rasu. Bincike ya nuna jagororin ba su da ƙwarewar teku, ba a sanar da masu tsaron gaɓa ba, kuma tun kafin nan wasu ma'aikatan wurin sun rubuta gargaɗi ba a saurare su ba. Kotu ta ɗaure shugaban kamfanin, sa'an nan a 1995 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta wa masu irin wannan sana'a neman lasisi. Abin lura a nan shi ne, laifin bai tsaya kan matasan da aka tura da yara ba, ya hau har kan wanda ya tura su alhali ya san ba su isa ba.

Kada wani ya ce ai ajali ne. Lalle ajali gaskiya ne, amma bai taɓa ɗauke alhaki daga kan mai sakaci ba, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin lamuni a kan wanda aka ba amana ya yi wasa da ita. Kada kuma wani ya ce tun da haka ne a kulle yara a gida. Yaron da bai taɓa ɗaukar kayansa a ka ba, bai taɓa hura wuta ya dafa wa 'yan'uwansa ba, bai taɓa jin tsoro ya danne shi ba, shi ma an tauye shi, sai dai tauyewar ba ta bayyana sai ya girma. Mun sha ganin ɗan gata wanda ko buta bai iya cika wa kansa ba, ya dawo daga irin wannan fita yana riga kowa tashi da asuba. Jagora gwani ya san yadda zai sa yaro ya ji kamar yana bakin halaka a jikin dutse, alhali igiya biyu na riƙe da shi. Tsoron na gaske ne, haɗarin kuwa an riga an ɗaure shi.

Saboda haka ga amsarmu ga attajirin nan da ire-irensa. Kada ka sa hannu, kada kuma ka hana, sai ka je da kanka ka yi tambaya kamar yadda kake bincike kafin ka ba da bashin kaya. Wane ne jagoran, a ina ya sami horo, shekara nawa ya yi yana aikin? Ya taɓa bin wannan hanya? Manya nawa ne za su kula da yara nawa? Ina akwatin taimakon gaggawa, ina motar da za ta ɗauki majinyaci, wane asibiti ne mafi kusa? Idan da ruwa a shirin, akwai rigar hana nutsewa ga kowane yaro? Idan da 'yan mata, akwai mata masu kula da su da makwanci dabam? An hana babba ya keɓe da yaro shi kaɗai? An sa lokutan salla cikin tsarin tafiyar, jagoran kuma ya san hukuncin taimama, ya san ba a ƙasaru sai tafiya ta kai mil 48? Daga ƙarshe ka tambaye shi ko ya taɓa fasa tafiya ya dawo da yara daga rabin hanya. In ya yi alfahari cewa shi bai taɓa juyawa ba, to riƙe ɗanka.

Ga ma'aikacin nan kuwa, muna cewa aikin da ɗanka yake so reshe ne na malanta, kuma muna bukatar 'ya'yanmu masu tarbiyya a cikinsa, domin ƙungiyoyin sikawut da na 'yan agaji da makarantunmu ba za su daina fita da yara ba, ko da ƙwararre ko babu. Sai dai ka gaya masa gaskiya: aiki ne mai gajiya, mai raba mutum da iyalinsa kwana da kwanaki, ba kuwa hanyar tara dukiya ba ce. Ya nemi horo a wurin da aka sani, ya iya iyo da taimakon gaggawa, ya daɗe yana bin na gaba da shi kafin ya yarda a ba shi ayari, kamar yadda ba a zama madugu sai an yi shekaru ana kora jakuna. Ya sani kuma cewa ranar da ya dawo da yara 20 cikin 20, ko da ba su taka ƙololuwa ba, ya cika aikinsa.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu a gida da daji, Ya ba masu riƙe da amanarsu ikon sauke ta.