Yadda gishiri mai ruwa-ruwa ke raba itanol da ruwa

Tafkunan Rayfield da ke Jos ramuka ne da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Masu wanke kuza sun san cewa nauyi ne ke raba ta da yashi: ruwa ya kwashe yashin, ita kuma ta kwanta a ƙasa. Idan kuwa abubuwa biyu masu ruwa-ruwa ne suka gauraya, da wuta ake raba su. A ɗora a tafasa, wanda ya riga zama tururi a tare shi, a sanyaya. Haka matatun mai ke fitar da fetur da kananzir daga ɗanyen mai.

Sai dai akwai gaurayen da wuta ba ta iya rabawa, wanda masana ke kira aziyotirof. Shahararren misali shi ne ruwa da itanol, sinadarin da ake samu daga rake, rogo ko masara. Ana tafasawa ana tarewa, ƙarfin itanol na ƙaruwa, har ya kai kashi 95.6 cikin 100 na nauyi. Daga nan ya tsaya cak, domin tururin da ke tashi ya zama daidai da abin da ke cikin tukunya.

Ragowar ruwan ba ƙaramar matsala ba ce. Manufar Gwamnatin Tarayya ta 2007 kan makamashin tsirrai ta tanadi gauraya fetur da itanol kashi 10 cikin 100, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 batun ya ƙara muhimmanci. Amma itanol mai ruwa kan ware daga fetur ya kwanta a gindin tanki, ya kawo tsatsa, ya hana inji tashi.

Wani zai ce ko tudun Jos zai taimaka, tun da rage matsin iska na sauya wannan iyaka. Garin na bisa tsayin kimanin mita 1,200, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Hakan bai kai ko'ina ba: sai matsin ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wanda muke shaƙa kafin iyakar ta gushe.

Don haka ake shigo da na uku a tsakani. A 1902 Sydney Young na Ingila ya yi amfani da benzin, wanda daga baya aka gano yana haddasa cutar daji. A yau yawancin masana'antu na amfani da ƙwayoyin ziyolait masu tsotse ruwa.

Sabuwar hanyar ita ce gishiri mai ruwa-ruwa. Gishirin miya ba ya narkewa sai a digiri 801, amma a 1914 Paul Walden ya bayyana wani da ke narkewa a digiri 12 kacal. Idan aka kwarara irinsa daga saman hasumiyar tacewa, sai ya riƙe ruwan gam, itanol ya tashi shi kaɗai. Da yake kusan ba ya zama tururi, ba ya bin itanol ɗin, kuma ana iya ƙafar da ruwan jikinsa a sake aiki da shi. Aibinsa tsada da kauri, wasu nau'o'in kuma guba ne ga halittun ruwa, abin da ya sa har yanzu galibin aikin bai wuce ɗakin gwaji ba.

Abin da ya fi dacewa da aljihunmu shi ne danginsa masu araha. A 2003 Andrew Abbott da abokan aikinsa a Jami'ar Leicester suka nuna cewa kolin kulorayid da yuriya, dukkansu busassu, kan zama ruwa idan aka haɗa su, ba sa daskarewa sai a digiri 12. An kuma gwada shi wajen raba itanol da ruwa, ya yi aiki. Na farkon ana zuba shi a abincin kaji, sana'ar da Jos ta yi suna a kanta. Na biyun kuwa takin zamani ne da ake sarrafawa a Najeriya, kowane manomin dankali a Filato ya san buhunsa.